Ranar da Aka Tura Su Kallon Zaki

"Ku bi a hankali, kujerun nan ba gudu za su yi ba!" in ji Direba, hannu ɗaya a kan ƙofar bas, ɗayan yana janyo ƙafar wani yaro da ya ga ta taga ta fi masa kusa.

Babu wanda ya saurare shi. 'Yan aji biyar ne, an ce musu yau babu karatu, gidan namun daji za a kai su su ga zaki ido da ido. Wa zai tsaya bin layi? Malamin wasanni, wanda aka haɗa su da shi don rakiya, ya busa usur har kumatunsa suka gaji, daga baya ya haƙura ya nemi kujerar bakin ƙofa ya zauna.

Direba ya daɗe yana jigilar 'yan makarantar nan safe da yamma, 'yarsa ma a nan take. Jiya bayan an tashi Hedimasta ya yafito shi, ya dafa masa kafaɗa, ya ce akwai ɗan aiki na musamman: an zaɓi wasu yara da suka nuna ladabi a zangon nan, za a yi musu tukuici da yawon buɗe ido. "Har da taka," in ji shi. Direba ya koma gida bakinsa har kunne.

Ga ta nan kuwa ta riga kowa kama kujerar gaba, ta rungume gorar ruwanta. Aku ake kiranta tun tana ƙarama, don duk abin da aka faɗa a gabanta sau ɗaya sai ta maido maka shi, har da muryar mai shi da tarinsa. Shi uban Mamana yake ce mata, kuma ko ƙuda ba ya so ya sauka a kanta.

"Baba, an ce in zaki ya yi kuka har ƙasa girgiza take."

"Yau kya ji da kunnenki, Mamana."

Ya tayar da mota. Yana jiran Maigadi ya buɗe ƙofa ne idonsa ya fara tsinto abubuwa. An yi wa ƙofar sabon fenti, bai ma gama bushewa ba. An jera tukwanen furanni a gaban ofis, furannin da jiya babu su. Sauran 'yan aji biyar suna tsaye a layi, riguna sun sha guga, kowa da littafi a hammata. Yana fita titi kuma sai ga wata farar mota mai tambarin ma'aikatar ilimi ta kunna sigina, ta jira ya wuce, ta shige inda ya fito.

Gabansa ya faɗi. Ya sa giya ya hau titi.

Abin da ya sa gaban nasa ya faɗi, a watan jiya ya samo asali. Ƙanin Aku, jariri, ya tashi da zazzaɓi. Uwar tana jijjiga shi, ta miƙa wa Aku kwalbar magani ta ce ta karanta mata yadda ake ba shi. Aku ta karɓa, ta ɗora yatsa a kan rubutun, ta ja shi a hankali kamar mai karanta labarai, ta ce, "Cokali biyu, sau uku a rana." Ko ɗar ba ta yi ba. Allah ne ya kawo Direba a daidai lokacin, cokali yana hanyar bakin jariri. Ya karɓi kwalbar ya duba. Rabin cokali aka rubuta.

Ranar ya miƙa mata tsohuwar jarida ya ce ta karanta masa. Ta gyara zama, ta ɗora yatsa, ta zubo masa darasin akuya da manomi daga farko har ƙarshe, babu gargada. Shafin kuwa tallan tayoyin mota ne. Shekara biyar tana zuwa makaranta, kowace shekara ana rubuta mata "Ta yi ƙoƙari, ta wuce", ashe ko baƙi ɗaya ba ta rabewa da ɗan'uwansa. Abin da aji ya rera da baki ta haddace, shi ke nan. Abin da ya fi ci masa rai shi ne bai taɓa jin ta ce ba ta sani ba. Ba ta tambaya, ba ta jinkiri. Makaranta ta koya mata abu ɗaya da kyau, wato ta yi kamar ta iya.

Ya je wurin Hedimasta, aka ce masa yara kowa da lokacinsa. Sai a taron iyaye aka sanar da sabon mizanin karatu, aka ma lika shi a bango: ɗan aji biyar ya iya karanta labarin da bai taɓa gani ba ya faɗi abin da ya fahimta, ya rubuta 'yar gajeriyar wasiƙa, ya raba lamba, ya yi bayanin yadda ruwan sama ke samuwa. Karatu, rubutu, lissafi, kimiyya. Aka ce masu dubawa za su zo su gwada yara, kuma duk wanda ya gaza za a sa shi ajin tallafi, da malami na musamman da ma'aikata za ta turo. Sauran iyaye sun fita suna addu'ar 'ya'yansu su ci. Direba kaɗai ya fita yana roƙon Allah a gwada tasa ta faɗi, a gaban wanda zai rubuta. Da ya tambayi ranar, sai Hedimasta ya ce za a sanar.

Yanzu ya ɗaga ido ya dubi madubi. Ga tagwayen nan da suka maimaita aji har gashin baki ya fara leƙo musu. Ga yaron da in-ina ke riƙe masa harshe. Ga yarinyar da sai ta matse ido take ganin allo. Ga kuma wani ƙato a baya, ya danne na kusa da shi yana ƙwace masa biskit. Waɗannan ne masu ladabin.

"Malam," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa, "waccan farar motar ta su wa ce?"

Malamin wasanni ya shiga wasa da igiyar usur. "Baƙi ne."

"Na ga ba 'yan gida ba ne. Masu dubawa ne?"

"To... haka ne."

"Yau za a gwada yaran?"

"Waɗanda aka tarar a aji, i. Ai daga cikin waɗanda suka tarar suke zaɓa." Ya yi 'yar dariya don ya sassauta maganar. "Kai ma ka san zancen, Direba. Ba mu muka fara ba. Bara a sito aka rufe su tare da karyayyun kujeru har baƙi suka tafi. Bana ai an samu ci gaba, har da zaki."

Direba ya zuba wa titi ido. Bara ma ashe. Wato bara 'yarsa ta wuni cikin ƙura da gizo-gizo, ta dawo gida ta ce masa makaranta lafiya lau, shi kuma ya shafa mata kai.

"In an gwada su sun faɗi, ba malami za a turo musu ba?"

"Za a turo. Amma makin makaranta ya sauka, Hedimasta ya sha takardar tuhuma, mu kuma ƙarin girma ya tsaya. Ni fa umarni aka ba ni. Ka kai mu, su ga birai, su sha iska, mu dawo bayan azahar. Wa aka cuta?"

Wa aka cuta! Kuma don tsabar raini, a duk direbobin garin nan ba a samu wanda za a ba aikin kwashe shara ba sai uban ɗaya daga cikin sharar. An dafa masa kafaɗa, an ce har da tasa, shi kuma ya yi godiya. Ya ƙanƙame sitiyari har jijiyoyin hannunsa suka miƙe.

Suka iso babban shatale-tale. Hanyar gidan namun daji tana dama. Direba ya wuce ta, ya ci gaba da zagayawa. Yara suka ɗauka wasa ne, suka kaure da ihu suna faɗawa jikin juna. Da bas ya miƙe kan titin da suka baro, ihun ya fara raguwa, kujera bayan kujera.

"Direba, me kake yi haka? Ka rufa mini asiri!" in ji Malamin wasanni.

"Ka ce fin ƙarfinka na yi. Ba ƙarya ka yi ba."

Aku ta taɓa hannunsa. "Baba, ba nan ce hanya ba."

"Na sani, Mamana."

"Mantuwa ka yi?"

Ya kasa dubanta. Ya taka totur.

Maigadi ya leƙo ta ƙaramar ƙofa, ya ga bas, ya tsaya yana rarraba ido. Direba ya ɗora tafin hannu a kan hon, bai ɗaga ba sai da ƙofar ta buɗe gaba ɗaya. Ya shiga har tsakiyar fili, ya taka birki a gefen tukwanen furannin aro.

An shirya tebur a inuwa, an shimfiɗa masa farin ƙyalle. Wata mata mai tabarau, shugabar masu dubawa, tana zaune da abokan aikinta, wata yarinya mai ɗaukar na ɗaya tana tsaye tana karanta musu takarda. Karatun ya tsaya. Hedimasta ya taso da sauri, murmushi a fuska, wuta a ido.

"Af, subhanallahi! Motar ce ta ba da matsala ko?" Ya faɗa da ƙarfi don teburin ya ji, sannan ya matso taga ya rage murya. "Ka ce mota ce. Ka juya ka fita yanzun nan, mu yi magana daga baya."

Direba ya buɗe ƙofa ya sauko. "Motata lafiyarta ƙalau, ranka ya daɗe. Jiya na canza mata mai."

"Kai, ka san abin da kake yi kuwa? Makarantar 'yarka kake neman tozartawa!"

"Makarantar da ta rufe ta a sito?"

Ya zagaya ya ja ƙofar baya. Yara suka sauko ɗaya bayan ɗaya, jiki a sanyaye, wasu na hawaye, gorunan ruwa na reto a wuya. Suka tsaya cirko-cirko a rana, su kuma 'yan layin guga suna kallonsu.

Shugabar ta cire tabarau. "Waɗannan fa?"

"Yawon buɗe ido ne, ranki ya daɗe, an daɗe da tsara shi, sai aka yi rashin sa'a ranakun suka haɗu..."

"Jiya da yamma aka tsara shi," in ji Direba. "'Yan aji biyar ne su ma. Na dawo da su a gwada su."

Ya zaci matar za ta buga tebur, ta miƙe, ta yi faɗa. Ko gezau. Ta dubi yaran, ta dubi agogo, ta yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka ƙara wa aiki. "Makarantar da muka je jiya, cewa aka yi ciwon ido ya kama kashi ɗaya cikin uku na ajin," ta ce wa na kusa da ita. Suka yi 'yar dariya. Dariyar nan ta fi ƙaryar Hedimasta ƙona wa Direba rai. Ashe kowa ya sani. Mai ɓoyewa ya sani, mai dubawa ya sani, iyaye ne kawai ake bari suna shafa kan 'ya'yansu.

"To, tunda sun zo, a kawo musu benci. Amma ba duka za mu iya gwadawa ba, za mu tsinci kaɗan."

Tsinta. In aka tsinta aka tsallake tasa fa? Ya waiga. Aku tana maƙale a jikin tayar bas, ta sunkuyar da kai. Ya san abin da zai faɗa zai yi mata ciwo, ya kuma san in bai faɗa yau ba, baɗi wani bas ɗin za a kira.

"Ranki ya daɗe, a fara da waccan. 'Yata ce." Ya nuna ta da hannu. "Ba ta iya karatu ba. Ko kalma ɗaya."

Wani a layin guga ya tuntsire, dariya ta bi layin. Aku ta ɗago ta dube shi. Bai taɓa ganin wannan kallon a fuskarta ba, kuma da za a ba shi zaɓi, da ya gwammace mari.

Ta tako zuwa teburin, kai a sama. Aka miƙa mata takarda. Ta gyara tsayuwa, ta ɗora yatsa, ta buɗe murya: "Wata rana wani manomi yana da akuya..." Ta ja darasin tiryan-tiryan, inda ake tsayawa ta tsaya, inda ake ɗaga murya ta ɗaga. Hedimasta har ya fara gyaɗa kai, yana satar kallon shugabar.

Matar ta bar ta ta kai ƙarshe. "Madalla, 'yata. Nuna mini inda aka rubuta akuya."

Yatsan ya yi sama, ya yi ƙasa, ya tsaya a tsakiya. "Nan."

Labarin wata yarinya ce da ta shuka wake a gwangwani. Babu akuya a cikinsa.

Aka koma lissafi. Da aka faɗa mata da baki, a raba mangwaro kaza ga yara kaza, kafin a rufe baki ta ba da amsa daidai. Da aka miƙa mata irin tambayar a rubuce, sai ta zuba wa takardar ido, ta faɗi wata lamba da ta zo mata. Kimiyya ma haka: ta yi bayanin tururi da girgije da muryar malaminsu sak, amma ta kasa gane tambayar da ke ƙarƙashin hoton. Wasiƙa kuwa, ta cika rabin shafi da wasu ƙugiyoyi masu kyau, a jere, masu kama da rubutu.

Shugabar ta mayar da tabarau, ta ɗauki jan biro. "Kanta yana ja sosai. Karatun ne babu, shi ya rufe mata sauran. Ƙasa da mizani, duka huɗun."

"Alhamdu lillahi," in ji Direba.

Matar ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau, kamar yanzu ta fara ganinsa.

"Yaushe malamin tallafin zai zo, ranki ya daɗe?"

"Rahoto zai hau sama tukuna. Wataƙila zango mai zuwa." Ta ajiye biron. "Wataƙila. Amma sunanta ya shiga, wannan kam na tabbatar maka." Ta juya ga yaron mai in-ina. "Kai, zo nan. A kawo sauran ma, duka. Yau abincin rana ya wuce mu."

Sai bayan la'asar aka gama. Farar mota tana fita, Hedimasta ya tako har gaban bas. Murmushin safe ya tafi hutu.

"Daga gobe mun sami wata motar. Ka je ka ji da gaskiyarka, mu ga ko ana zuba ta a tanki."

"Allah ya ba da sa'a, ranka ya daɗe. Sai dai ka tambayi sabon direban ko yana da 'ya a aji biyar."

Ya faɗa da ƙarfin hali, amma da ya zauna a kujerarsa sai lissafi ya dawo masa. Jigilar makarantar nan ita ce rabin abincin gidansa, kuma bai san da wane baki zai gaya wa uwar yaran ba.

Sauran yara tuni an sallame su. Aku ba ta shiga gaba ba. Ta wuce can kujerar ƙarshe, ta manna goshi da gilashi. Bas guda, mutum biyu, tsakaninsu kujeru babu kowa.

"Mamana."

Ba ta juyo ba.

"Mamana, kin sha ruwa kuwa?"

"Ka ce ban iya ba. A gaban kowa." Muryarta ce, tata ta kanta, ba ta kwaikwayon kowa. "Gobe duk za su yi ta kirana akuya."

Ya tayar da mota. Da suka iso shatale-tale, ya kunna sigina ya yi dama. Ko ba komai, an yi wa yarinya alkawarin zaki.

Titin gidan namun dajin babu kowa, babu masu talla, babu ko mota ɗaya. Ya tsaya a gaban ƙofar. An naɗe ta da sarƙa, sarƙar ta yi tsatsa, ciyawa ta fito ta ƙarƙashi har ta kai gwiwa. An rataye wani allo, rana ta cinye rabin fentinsa: AN RUFE SABODA GYARA.

Direba ya karanta, ya sake karantawa. Allon nan ya ga damina, ba ɗaya ba. Wato ko tambaya ba a yi ba. Babu wanda ya damu ko akwai zaki ko babu, ko yara za su wuni a rana gaban sarƙa. A dai kwashe su daga ido. Ya buɗe baki zai yi zagi, sai ya ji motsi a bayansa.

Aku ta taho tana dafa kujeru, ta tsaya a kafaɗarsa. Ta daɗe tana kallon allon. Ya ga leɓenta na motsi, ya san tana laluben abin da ya dace a ce an rubuta a irin wannan wuri, ta zubo masa shi kamar kullum. Leɓen ya tsaya.

"Baba," ta ce a hankali, "me aka rubuta?"

Amsar tana kan harshensa, ya riƙe ta. Ya kashe mota. Ya sauko, ya zagayo ya sauko da ita, suka ratsa ciyawar har gaban ƙofar. Ya kama yatsan nan nata da ya shekara biyar yana gudu a ƙarƙashin layuka, ya ɗora shi a kan baƙin farko, ya danne shi a wurin.

"Wannan mene ne?"

Ta dubi allon, ta dube shi. Idonta ya ciko. "Ban sani ba."

"A ne."

Ta ja numfashi za ta maido masa, da muryarsa da komai.

"A'a, Mamana, kar ki maimaita tukuna," in ji shi. "Dube shi."